Faifan da Muka Ɗaure a Kujera

Aikina a ofishin nan uku ne: in buɗe ƙofa, in tada janareta, in kai takarda inda aka aike ni. Shekara talatin da ɗoriya ina yi. Ofishin gwamnati ne a nan Jalingo, inda ake ajiye fayil-fayil na ma'aikata. Ban yi makaranta ba. Fayil da launi da nauyi nake gane shi. Na kuma san na wanda ya mutu, don shi ne ba a aikowa a ɗauka.

Wata shekara aka zo da na'ura, aka ɗauki hoton kowace takarda, aka zuba a cikin wani baƙin akwatin ƙarfe mai tsayi zuwa ƙuguna. Saba suke ce masa. Aka ba shi ɗaki shi kaɗai da injin sanyi, abin da ni ban taɓa samu ba. Mabuɗin ɗakin a wuyana yake, tunda ni ne mai wuta. Takardun kuwa aka jibge su a ɗakin baya. Damina biyu, gara ta gama da su. Ran da na je duba nawa, ƙarfen da ke maƙale takardu kawai na tarar.

Sai aka yi sanarwar tantance ma'aikata. Duk wanda ba a ga takardar ɗaukarsa aiki ba za a cire sunansa, a ce ma'aikacin bogi ne, fatalwa mai cin albashi. Abu biyu masu tantancewar suka yarda da shi: takardar asali mai tsohon hatimi, ko su gani da idonsu daga ma'ajiyar ofis. Wadda aka buga jiya ba sa karɓa, sun ce an cika su da jabu. Manya ba su damu ba, kowa tasa tana gida cikin jakar fata. Tawa ta ƙone tare da ɗakina a wani rikici da aka yi a ƙauyenmu. Na fito da mata da 'ya'ya da wandon da ke jikina, ban koma ba. Saboda haka shaidar cewa ni ba fatalwa ba ne wuri ɗaya take a duniya, cikin baƙin akwatin nan.

Saura wata ɗaya a fara, akwatin ya soma ƙara. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar kaza tana tsattsagar kwanon da ba komai. Na kira Injiniya.

Injiniya mace ce, 'yar Wukari, ta haura arba'in. Ita ke kula da duk komfutocin ofis. Ba ta dariya sai ta ga dalili. Ta ɗora kunne a jikin saba, ta daɗe, ta ɗago.

"Baba, faifan cikinsa ne ke mutuwa."

"Yaushe?"

"Ko yau, ko wata mai zuwa. Ba ya ba da sanarwa."

"Ciro mini tawa ki ajiye a wayarki."

"A kore ni? Fayil ba ya fita ofis sai da izini. Ko na ciro ma, ba za su karɓa daga wayata ba."

Ta ce magani ɗaya ne: a sayo faifai na waje da sunan ofis, a haɗa shi da saba, a kwashe komai a zuba a ciki kafin na cikin ya cika.

Darakta ya sa hannu. Mu uku muka tafi Kasuwar Jalingo: Injiniya ta zaɓa, mai sito ya shaida, ni in ɗauko. Mai sito dattijo ne Bafulatani, dogo, kowa Bappa yake ce masa. Tunda kayan ofis za a ɗauko, sai da aka fitar da a-kori-kura. Abin da muka sayo bai kai tafin hannuna ba, kamar sabulun wanki mai wutsiya. Na ce in sa a aljihu. Bappa ya ce kaya a baya suke zama. Haka na hau bayan mota ni kaɗai, a tsakiyar fili, na rungume shi, rana tana dukana har muka iso.

Washegari da hantsi Injiniya ta ce in zagaya bayan saba. Akwai ƙananan ramuka a jere.

"Ka ga mai faɗin nan, kamar bakin ƙadangare? Cusa wayar a ciki."

Na cusa, ta ƙi. Na juya ta, ta ƙi. Na mayar da ita yadda na fara, ta shiga. Injiniya ta ce haka take yi wa kowa, har waɗanda suka ƙera ta.

Wata 'yar fitila shuɗiya ta kama a jikin faifan.

"An gama?"

"Ba a fara ba."

Allon saba baƙi ne, ba hoto, sai farin rubutu kamar an watsa shinkafa. Ta buga wani abu, layuka suka fito. Ta ce saba ya ga baƙo ya shigo, amma ba zai yi hulɗa da shi ba sai an yi abu biyu. Ta faɗe su da Turanci. Na ce ta faɗa da Hausa.

"Ka taɓa noman doya?"

"A ciki aka haife ni."

"To masu faifan nan kunyar gyaɗa suka yi masa. Saba kuwa doya yake shukawa. Sai an baje kunyar an tada tulin ƙasa irin nasa. Shi ne fomatin. Na biyu turke ne. Sai na kafa masa turke a cikin saba na ɗaure shi, yadda kullum za a san inda yake."

Na gane. Da ma haka suke magana tun farko, da an huta.

Sai ta ce akwai wuri ɗaya mai hatsari. A idon saba faifai biyu ne yanzu, tsoho da sabo, kuma layukansu kusan iri ɗaya ne.

"Cire wayar."

Na cire. Layi ɗaya ya ɓace.

"Mayar."

Ya dawo. Sau uku muka yi haka.

"In na baje tsohon a maimakon sabon," in ji ta, "ni da kai duk fatalwa ne."

Ta buga umarnin. Saba ya amsa da layi biyu, ya tsaya yana jira. Daidai nan Darakta ya shigo da kofin shayi a hannu. Ya saba zuwa ɗakin shan sanyi. Ya sunkuya ta kan kafaɗarta, ya karanta, ya ajiye kofin.

"Tsaya. Ɗauke hannunki."

"Yallaɓai?"

"Ya ce duk abin da ke cikin faifan za a hallaka shi. Yana tambaya ko kin yarda."

"Ba komai a ciki, Yallaɓai. Jiya muka sayo shi."

"Injin ya ce akwai."

"Haka yake faɗa wa kowa."

"Tsakaninki da injin, wa ya fi sanin cikin faifai?"

Darakta ba mugu ba ne. Tsoro ne da shi. Tun yana ƙaramin jami'i aka taɓa ba shi takardar tuhuma saboda ya ƙona tsofaffin jaridu, bai warke ba. Doka ta ce ba a hallaka ajiyar gwamnati sai kwamiti ya zauna, ya gani, ya lissafa, ya sa hannu. Ya ce faifan ya shiga sito, ya zama na gwamnati. Abin da ke cikinsa ma na gwamnati ne, ko akwai ko babu.

Kwana tara aka yi kafin takardar kafa kwamiti ta fito. Ni na kai ta tebur-tebur, na san kowace ƙofar da ta kwana a baya.

A kwana na uku injin sanyi ya tsaya. Bazara ce, irin wadda kwalta ke kama takalmi. Saba ya ƙara ƙara. Na sayo ƙanƙara a bakin titi, na zuba a daro, na sa fanka a bayansa. Injiniya ta ce danshi zai kashe shi kafin zafi. Muka ja daron zuwa bakin ƙofa. Ta kuma ce in saba ya mutu sau ɗaya, ƙila ba zai sake tashi ba. Batirinsa minti biyar yake riƙewa. Daga ɗakin zuwa wurin janareta akwai tsakar ofis da matakala da kwata. Duk sanda aka ɗauke wuta sai in zuba da gudu, da shekaruna. Masu shara suna yi mini kirari. Na daina zuwa cin abincin rana. Rogo da ƙuli nake ci a bakin ƙofa, kunnena yana ciki. In ƙarar ta yi jinkiri, sai in tsaya da tauna. In ta dawo, sai in ci gaba da tauna.

Ranar da kwamiti ya zauna, a ɗakin saba suka cushe. Shugabar wata Madam ce daga sashen mulki, 'yar kudu, Hausarta ta kasuwa. Sai Bappa. Na ukun jami'i ne daga sashen shari'a, ya samu lungu ya rufe ido. Ni ina bakin ƙofa wurin daro.

"Ina abin da za a hallaka?" in ji Madam.

Injiniya ta zare faifan, ta haɗa da komfutarta ta hannu, ta juya musu allon. Fari fat.

"Ba komai a cikinta?"

"Ba komai, Madam."

"To me zan rubuta? Fom ya ce a lissafa kaya ɗaya-ɗaya. Layi goma ne a nan. Ni ba zan sa hannu a takarda fanko ba, yarana suna makaranta."

Bappa ya ce a ja layi a wurin. Madam ta ce layi ba kaya ba ne. Injiniya ta ce to a bar fom ɗin, tunda ba abin da za a hallaka. Madam ta ce an riga an kafa kwamiti, kwamiti kuwa ba ya tashi bai hallaka komai ba.

Saba yana ta ƙas, ƙas.

Bappa ya shafa gemu. "A sa wani abu a ciki mana. Sai mu hallaka shi."

Kowa ya ga hikima. Amma me za a sa? Kowace takardar ofis tana da mai ita, kuma sai an nemi izininsa, wani kwana taran ke nan. Aka duba, aka duba. Takarda ɗaya ce tak kwamiti ke da iko da ita: wadda ta kafa shi. Injiniya ta ɗauki hotonta, ta zuba a faifan. Madam ta sa tabarau ta duba allon, Bappa ya duba, aka taɓa na shari'a ya buɗe ido ɗaya ya duba. Madam ta cika layin farko, fuskarta ta saki.

Ta ɗaga biro za ta sa hannu, sai na shari'a ya yi magana, karo na farko.

"In an hallaka takardar da ta kafa mu, da wane iko muka zauna?"

Biro ya tsaya a sama. Takardar ta asali tana hannun hagun Madam, da ita take fifita. Ba wanda ya dube ta. Suka shiga gardama. Na shari'a ya ce sai an nemi shawara daga sama. Na san sama. Abin da ya hau can ba ya saukowa kafin damina.

Na ce, "Ku sa hannu kafin ta danna."

Suka juyo kamar ƙofa ce ta yi magana.

"Lokacin da kuke sa hannu takardarku tana nan. In ta danna kun riga kun gama."

Na shari'a ya yi tunani. Ya ce ta fuskar doka ba laifi. Suka sa hannu.

Na mayar da wayar bayan saba. Injiniya ta sake sa ni cire-mayar sau uku a gabansu. Madam ta ce a yi addu'a. Bappa ya yi tasa, ita ta yi tata, kowa ya ce amin a ta kowa. Injiniya ta danna.

Lambobi suka yi gudu a allo. Kafin in zubar da ruwan daro in dawo, sun tsaya.

"An gama," in ji Injiniya.

"Shi ke nan?" Madam ta leƙa bayan saba. "Ba hayaƙi?"

A ƙasan fom akwai wurin da za a faɗi inda aka zubar da toka. Suka ɗan tattauna. Aka rubuta cewa injin ya haɗiye.

Da suka fita, Injiniya ta kafa turken. Layi ɗaya ta buga, ta buga na biyu ta ɗaure faifan. Ta nuna mini wani sabon layi a ƙasa, ta ce ga shi nan a turke, cikinsa fanko, yana jira. Ta kuma rubuta a wani wuri da saba ke dubawa duk sanda ya farka, don ko an kashe an kunna ya tuna da baƙonsa. Aikin da ya ci kwana goma sha, ita nata bai kai tsawon alwala ba.

Saura kwashewa. Fayil-fayil a cikin saba mataki-mataki suke, kamar yadda muke a ofis. Darakta ya dawo da wani kofin.

"A fara daga sama," ya ce. "Daraktoci, mataimaka, a gangaro."

Injiniya ta ce tsohon faifan yana tuntuɓe, kwashewar za ta ci kwana biyu, kuma ba ta ba da tabbacin zai kai. Darakta ya ce shi ya sa ma za a fara da masu muhimmanci.

Ban iya lissafin takarda ba, amma wannan na iya. Ni da masu shara da masu gadi muna can ƙarshe, bayan direbobi.

A ofishin nan akwai al'ada. Ba a rubuce take ba, amma ta fi na rubuce ƙarfi. Sabon abu, ƙarami ke fara gwadawa. Da aka haƙa rijiyar burtsatse, ni aka ba kofin farko, aka jira kwana ɗaya a ga cikina. In an gyara birkin mota, ni ake sawa a gaba a gangara da ni tudu. In an ja sabuwar waya, hannuna ne ke fara taɓa makunni. Sau biyu wuta ta jefar da ni. Ban taɓa kai ƙara ba.

Na ce, "Yallaɓai."

"Mene ne?"

"Sabo ne. Ba a gwada ba."

"Sai me?"

"In yana cin takarda fa? Ɗazu a gaban kwamiti ya ci ɗaya."

Ya tsaya da kofin a bakinsa. "Injiniya, yana yiwuwa?"

Ta dube ni. Ta dubi silin. "Komai yana yiwuwa, Yallaɓai."

"To a fara da na ƙasa. In sun shiga lafiya, a zo kan namu."

Ya fita yana jin ya tsallake rami.

Sunaye suka fara hawa allo suna wucewa, a hankali, ɗaya ya wuce, a tsaya, a yi ƙas, ƙas, wani ya wuce. Ba na karatu, sai kallo.

"Tawa ta wuce?"

"Tukuna. Masu shara ne."

Bayan azahar na sake tambaya.

"Masu gadi ne. Baba, zauna, kana tare mini iska."

Na zauna a kujerata ta ƙarfe a bakin ƙofa. Sai ga Bappa ya shawo kwana. A hannun dama guduma, a hagu ƙaramin akwatin katako. Na san akwatin. Ƙusoshin lamba ne a ciki, kowanne da harafi ko lamba a bakinsa. Duk kayan ofis sai Bappa ya buga musu lamba a jiki: kabad, fanka, janareta, keken ɗinkin takarda. Butar shayin Darakta tun ranar da aka buga mata take yoyo.

"Mai wuta, matsa."

"Ina za ka?"

"Kayana yana aiki ba lamba. In masu bincike suka zo, wuyana za su kama, ba naka ba. Saura mini wata bakwai in yi ritaya lafiya."

Injiniya ta miƙe ta tare faifan da jikinta. Yana kan saba, fitilarsa tana ƙyaftawa.

"Bappa, a cikin abin nan akwai faranti siriri yana juyawa, ya fi fanka gudu. Allura tana shawagi a kansa. Ko tari ka yi da ƙarfi ba ya so."

"A hankali zan buga."

"Bugu nawa?"

Ya ƙirga a yatsu. "Sha ɗaya. Da 'yar sandar tsakiya, sha biyu."

"A rubuta da fenti."

"Fenti ana kankarewa."

"A manna takarda."

"'Yata, shekara nawa kike ganin na yi ina faɗa da ɓarayi? Abin da ba a buga ba, ba a mallaka ba."

Ya taka zai wuce. Na kama kan gudumar. Ya ja, na riƙe. Ya sake ja. Mun yi shekaru muna cin goro ɗaya da mutumin nan. Ranar da matarsa ta rasu ni na haƙa rabin kabarin.

"Sakar mini, kai da ko alif ba ka sani ba."

"Ina ciki, Bappa."

"Cikin me?"

"Cikin abin da za ka buga."

Ya daina ja, amma bai saki ba. Ya ce shi ma yana da abin tsoro. Doka ta ce lamba a jikin ƙarfe, kuma ƙarfen ya kasance ba ya rabuwa da kayan. Injiniya ta tambaye shi ko dokar ta faɗi girman ƙarfen. Ya ce ba ta faɗa ba.

Duk muka dubi kujerata. Tsohuwa ce, an daɗe da cire ta daga littafin sito, an jefar a bola, na tsinto na ɗaure ƙafarta da waya. Tsatsa ta cinye lambarta, ba ta da mai ita.

Bappa ya ɗauke ta ya kai can ƙarƙashin darbejiya, nesa da saba, yadda Injiniya ta ce. Muna jin bugun daga nan, sha biyu cif. Ya dawo da ita, muka ajiye a gefen saba, aka ɗaura zaren buhu daga wayar faifan zuwa ƙafar kujera, don su zama abu ɗaya kafin a kira mai walda. Ya buɗe littafinsa a kan gwiwa ya rubuta, yana karantawa a fili: faifan ajiya, guda ɗaya, mai ƙafa huɗu.

Na ja kujerar zan zauna.

"Kai! A kan faifan gwamnati?"

Na zauna a ƙasa.

"Baba," in ji Injiniya. "Kuna ta kokawa taka ta wuce."

Ta buɗe a komfutarta ta nuna mini. Takarda ce mai hatimi, da ƙaramin hoto a kusurwa. Wani siriri ne mai gashi cike da kai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Rigar aro ce, na tuna mai ita. Na daɗe ina kallo. Na ce ta rufe.

Washegari da la'asar saba ya mutu. Ya kai kan matsakaitan jami'ai, ya yi ƙas sau biyu, ya yi wani dogon nishi, allo ya daskare. Injiniya ta ce ƙa'ida sai an kwance faifai daga turke kafin a zare, amma mai turken ya tafi da igiya a hannu. Ta zare, ta haɗa da komfutarta, ta daɗe tana bincike ba ta magana. Sannan ta ce duk abin da ya shiga yana nan. Darakta ya zo ya tsaya a kan gawar. Nasa bai shiga ba. Ya ce gwaji ya nuna faifan lafiya yake, ya tafi gida neman jakar fata.

Mai walda daga unguwar Kachalla Sembe ya yi wa kujerar ɗan keji a ƙarƙashi, aka shimfiɗa soso, aka sa faifan, Bappa ya datse kwaɗo ya rataya mabuɗin a carbinsa.

Tantancewar a wata makarantar firamare aka yi, a unguwar Sarkin Dawaki. A-kori-kura tana gareji. Mai keke napep ya ce ba zai ɗauki kujera ba sai an kwantar da ita, Injiniya ta ce ba a kwantarwa. Na naɗa gammo na ɗora ta a ka. Ina gaba, ina taka ƙasa kamar mai ɗauke da ƙwai. Bappa yana baya yana gadin kayansa. Injiniya da jakarta. Bayansu masu shara da masu gadi da direbobi, duk wanda ke ciki ya biyo. Masu shaguna suna fitowa kallo. Wata mai tuyar awara ta tambaya ko sarauta aka ba wani.

Jami'in tantancewa baƙo ne, ba ɗan gari ba, gumi ya jiƙa masa riga. Ya dubi kujerar, ya dubi littafin Bappa, ya duba lambar, ya ga sun dace. Bai ƙara tambaya ba. Ya ce da komfutarsa zai duba, ba da ta kowa ba. Na durƙusa na miƙo masa wayar daga ƙarƙashin kujera, ya cusa.

Wani ɗan akwati ya fito a allonsa. Komfutarsa irin mai gyaɗa ce, ba ta san tulin doya ba. Injiniya ta leƙa, na ga fuskarta ta canja.

"Ta ce ba ta gane faifan ba, wai in share shi," in ji jami'in. "Bari in ce mata to, mu wuce wurin."

Yatsansa yana kan maɓalli. Injiniya ta fara bayani da Turanci, da sauri, yana ɗaga mata hannu alamar ya san aikinsa.

Na ce, "Yallaɓai, kana da kwamiti?"

Ya ɗauke hannunsa kamar ya taɓa garwashi.

Da komfutar Injiniya aka buɗe. Ni ne na farko, tunda ni na ɗauko. Ya dubi hoton, ya dube ni. Ya sake duban hoton.

"Wannan ba kai ba ne."

"Ni ne."

"Wannan yana da gashi. Yana da haƙora."

"Lokacin bai fara aiki ba."

Bappa ya ce shi shaida ne, a gabansa gashin ya tafi. Masu shara suka ce su ma. Jami'in ya sa na juya gefe, ya dubi kunnena, ya dubi kunnen hoton. Ya tambayi sunan ubana da garinmu, na faɗa, ya bi da yatsa a allo. Ya kama babban yatsana ya danna a kan wani gilashi mai jan haske. Ya rubuta wani abu gajere a gaban sunana, ya buga hatimi.

"Na gaba."

Na matsa gefe. Na tambayi Injiniya a hankali me ya rubuta.

"Ya rubuta an gan ka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Ta gaba wata mai shara ce, ƙafarta na ciwo, ta nufi kujerar za ta zauna. Bappa ya daka mata tsawa. A tsaye aka tantance ta, a tsaye aka tantance sauran, ni kuma ina durƙushe ina riƙe da wayar kada ta motsa, har aka kira na ƙarshe.